Ko Ya Dace Shari'a Ta Kashe Yaro?

A watan Yuli na 2023 Majalisar Dokokin Gana ta kaɗa ƙuri'ar soke hukuncin kisa a kan laifuffuka irin su kisan kai. Dama rabon da a zartar da shi a ƙasar nan tun 1993. An yi ta muhawara a Nima da Maamobi. Wani dattijo maƙwabcina, wanda 'yan fashi suka kashe masa ƙane, ya tare ni ya ce, "Malam, wanda ya kashe a kashe shi, ko da yaro ne." Ban iya ba shi amsa nan take ba, gama zafin da ke zuciyarsa na gaskiya ne. Ga amsar da na samu daga baya.

Da farko, yaro bai gama zama mutum ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mun yarda yaro ɗan shekara 14 bai isa ya zaɓi shugaba ba, yaya za mu ce ya isa a rataye shi? A Littafin Farawa, Kayinu ya kashe ɗan'uwansa Habila. Ubangiji ya hukunta shi hukunci mai tsanani, amma ya sa masa alama domin kada kowa ya kashe shi. In an bar wa Kayinu zarafin tuba, balle yaro?

Na biyu, ma'aunin 'yan Adam yakan karkata. A 1944, a jihar Karolina ta Kudu a Amurka, an zargi George Stinney, baƙar fata ɗan shekara 14, da kashe 'yan mata biyu farar fata. Masu taya alƙali yanke hukunci duka farar fata ne, kuma cikin kusan minti 10 suka gama shawara. Aka kashe shi a kujerar lantarki. Sai a 2014, bayan shekara 70, kotu ta soke hukuncin, ta ce ba a yi masa adalci ba. Amma wa zai tashe shi ya ji? Sai a 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta hana kashe wanda ya yi laifi kafin ya cika shekara 18.

Kada mu ce wannan ciwon Turawa ne kaɗai. A Katsina, a 2012, kotu ta yanke wa wata matashiya hukuncin kisa bisa zargin kashe mijinta tun tana 'yar shekara 13. A 2014 kotun ECOWAS ta ce an tauye mata hakki.

Mu a nan, fatarmu ɗaya da ta sauran jama'a, amma muna da namu launin: sunan unguwa. Yaro ya ce daga zango yake, sai wasu su fara yi masa kallon ɓarawo tun bai buɗe baki ba. Ga kuma yara da yawa da ba su da takardar haihuwa. Doka tana kāre yaro, gaskiya ne, amma in babu takarda, wa zai faɗi shekarunsa? Sai a dubi tsayinsa da gashin bakinsa. Ɗan mai kuɗi yana da lauya da takarda. Ɗan mai tura baro yana da hawayen uwarsa kawai.

Ban ce a saki mai laifi ba. Jinin da aka zubar yana da hakki, kuma mai laifi ya sha horo gwargwadon abin da ya yi. Amma ƙofar kurkukun Nsawam tana buɗuwa in an gano kuskure. Ta kabari ba ta buɗuwa.

'Yan'uwa, Kirista da Musulmi, mu je mu yi wa 'ya'yanmu takardar haihuwa. Mu ziyarci na kurkuku, mu kuma ta'azantar da waɗanda aka kashe wa nasu, kamar maƙwabcina. Allah ya ba alƙalanmu tsoronsa, ya shiryi 'ya'yanmu. Amin.