Maƙeri da Bindiga: Ina Alhakin Ya Rataya?

Duk wanda ya tashi a Birnin Tudu ko Bakura ya san cewa maƙera ba baƙon wuri ba ne gare mu. Can ake ƙera kalme da lauje da gatari, can kuma tun kaka da kakanni ake haɗa bindigar baushe wadda maharba ke shiga daji da ita, ake kuma buga ta ranar hawan salla. A da, in aka ce 'yan bindiga, dogaran da ke cika gari da hayaƙin albarushi a gaban sarki ake nufi. Yau kuwa in aka ambaci kalmar sai gaban uwa ya faɗi. Wannan sauyi shi ya sa muke tambaya: in maƙeri ya ƙera bindiga, wani ya kashe rai da ita, shin maƙerin yana da kaso a cikin alhakin?

Tambayar ta ƙara nauyi domin samarinmu suna kallon Turawan Amurka a waya suna ƙera bindiga a gida don sha'awa kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. Mu da ke koyarwa mun san yaron da ke da hannu, wanda ya iya walda, zai ga abin ya ba shi sha'awa. Sai dai dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba tare da lasisi ba. Amma a ajiye doka tukuna, mu dubi zuciya.

Masu kare maƙeri suna cewa ƙarfe ba shi da niyya. Wuƙar da aka yanka ragon layya da ita, ita ce kuma ɗan ta'adda ke sokewa a ƙugu, kuma ba wanda ya taɓa kai maƙerin wuƙa gaban alƙali. Sukan ƙara da cewa a ƙasar da aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021, aka sake kwashe wasu ɗaliban a Kaya ta Maradun cikin Satumbar wannan shekarar, manomin da ya nemi abin kare iyalinsa bai yi abin kunya ba. Ai ko gwamnatin Zamfara a 2022 ta shawarci jama'a su nemi izinin mallakar bindiga. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba ta wasa ba.

To amma wuƙa tana da aiki ɗari, bindiga kuwa aikinta ɗaya ne. Saboda haka mai ƙera ta ba zai ce bai san abin da za a yi da ita ba. Abin da bai sani ba kawai shi ne a kan wa za a yi. Malaman mazhabar Malikiyya suna da ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna, wadda a kanta aka hana sayar da makami lokacin fitina, ko sayar da shi ga wanda aka san zai yi zalunci. Ke nan alhaki yana bin sani. Shi kansa Mikhail Kalashnikov, wanda ya ƙirƙiro AK-47, kafin rasuwarsa a 2013 ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko yana da laifi a rayukan da bindigarsa ta ɗauka. In wanda ya yi wa ƙasarsa aiki da izini bai sami barci ba, ina ga wanda ya ƙera a ɓoye ya miƙa wa baƙon da bai san sunan ubansa ba?

Nan ne hikimar magabata take. Maƙerin da yana ƙarƙashin Sarkin Maƙera, ya san maharbin da ya zo masa, ya san gidansu, ya san halinsa. Abin da ya tsare gari ke nan, sanin juna. Da wannan igiya ta tsinke, sai ga bindigar da aka ƙera don tsaro ta faɗa hannun mai ramuwar gayya, aka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, danginsa kuma suka tafi neman tasu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ra'ayinmu shi ne, wanda ya harba shi ke ɗauke da babban kaya, amma maƙerin da ya rufe ido ya karɓi kuɗi yana riƙe masa da gammo. Bindiga ba abin sha'awa ba ce a ƙasar da ake zaman makoki. Yaron da Allah Ya ba hannu, ga manoman rani na madatsar ruwan Bakolori suna neman mai gyara musu injin ban-ruwa da garmar shanu.

Mu kuma marubuta, alƙalami ma ƙira ne. Kafin mu mayar da mai bindiga gwarzo a littafinmu, mu tuna ba mu san hannun da zai ɗauki littafin ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.