Wanda Ya Ƙi Tambayar Jiya

'Yan'uwa, mukan ce ba wanda ya san gobe sai Allah. Hakika, amma wannan zai wanke wanda ya ƙi tambayar jiya?

A Fukushima ta ƙasar Japan, magina tashar lantarki ta nukiliya sun sare tudun bakin teku daga mita 35 zuwa 10 domin rage kuɗi, hukuma kuwa ta yarda. A 2011 teku ya hau, mutum fiye da 100,000 suka bar gidajensu. Mu dai ba mu iya kiran wannan ƙaddara kaɗai.

A Onagawa kuwa, injiniya Yanosuke Hirai ya tuna da ambaliyar shekara ta 869, ya nace a gina tasu tashar bisa tudu kusan mita 15. Can mutanen gari suka fake ran masifa.