Hasken Maulidi da Duhun Lungu

Mai karatu, idan kai ɗan cikin Birni ne, ba sai na tsaya ina kwatanta maka yadda Kano take komawa ba idan watan Rabi'ul Awwal ya kama. Tun daga daren sha biyu har zuwa ranar Takutaha, wato 19 ga wata, da jama'a ke hawa Dutsen Dala, za ka tarar da lunguna sun sha ado da ƙwayayen lantarki, kore da ja da fari, an ɗaɗɗaura su a igiya daga wannan soro zuwa wancan. Wasu samarin ma gwanaye ne, sai su lanƙwasa waya su fitar da siffar hasumiya ko jinjirin wata, su jera mata fitilu. Abin gwanin ban sha'awa.

To amma wai shin wannan haske na wane ne?

Abin da ya sa nake tambaya shi ne, wata shekara samarin unguwarmu suka yi karo-karo, ni ma na ba da nawa, suka ɗauko hayar janareta. Ba su tashi girke shi ba sai a gindin tagar wata tsohuwa mai fama da ciwon fuka. Kwana bakwai baiwar Allah nan tana shaƙar hayaƙi, ga ƙara, barci ya gagare ta, kuma kunya ta hana ta magana. Da na yi wa shugabansu zancen sai ya ce, "Haba Baba, ai don ƙaunar Manzon Allah muke yi." Kuma wallahi na san har zuciyarsa haka ne. Sai dai har yau na kasa gane yadda za a girmama Annabin da ya yi ta wasiyya da haƙƙin maƙwabci ta hanyar hana maƙwabciya numfashi. Kashegarin Takutaha mai janareta ya zo ya ɗauke abinsa, lungu ya koma duhunsa, tsohuwa ta ci gaba da lalube da 'yar tocila.

Akwai masu cewa duk almubazzaranci ne, a daina. Ni kam ban yarda ba. Talaka ma yana da haƙƙin idonsa ya ga abu mai kyau, ko da sau ɗaya ne a shekara. Kakanninmu da aci-balbal da man gyaɗa suka raya dararensu, ba wanda ya ce sun yi ɓarna. Kuma ba mu kaɗai ke murna da haske ba: a birnin Liyon na ƙasar Faransa, tun 1852 mutane ke jera kyandir a tagoginsu ranar 8 ga Disamba. Ashe laifin ba na ado ba ne. Abin dubawa shi ne wa ya sha wahalarsa, kuma me ya bari a bayansa.

Ikon Allah, abin da nasiha ta kasa yi, tsada ta fara yinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, ciyar da janareta kwana bakwai ya zama aiki ja, sai hankali ya karkata ga sola. Ƙwan zamani mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, don haka faranti ɗaya a kan soro da batir ɗaya sai su riƙe igiya mai tsawo, ba hayaƙi ba ƙara. Abin da ya fi burge ni kuwa, idan biki ya wuce ba mai zuwa ya ɗauke rana. A sauke na ado, a bar ƙwai uku ko huɗu: ɗaya a makarantar allo, ɗaya wajen mai ƙosai, ɗaya a kwanar da tsofaffi ke tuntuɓe in za su sallar asuba.

Kada dai na yaudare ka, ita ma solar tana da nata nauyin. Batir yana mutuwa, kuma irin wanda aka fi saye cike yake da dalma da ruwa mai guba. In aka jefar da shi a kwata, Jakara zai nufa, ko yara su fasa shi suna wasa. Ƙurar hunturu kuma takan rufe farantin har haske ya dusashe. Ranar kunna fitila kowa ɗan kwamiti ne, har da masu ɗaukar hoto. Amma a watan da ba biki, sai an sami wanda zai jingina tsani ya hau soro da tsumma, ba kowa a ƙasa yana kallonsa.