Ubangida da Baransa: Ta Wace Ƙofa Ha'inci Yake Shiga Sana'a?

 

Ya 'yan'uwa, babu kukan da muke yawan ji a bakin masu dukiya a Maraɗi kamar cewa yaran yanzu ba su da amana. Mai gareji ya ce yaronsa ya ɗaura wa mota tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo, mai shago ya ce ciniki ba ya cika, mai gini ya ce an rage masa siminti. Ba mu musa ko ɗaya ba. Abin da muke tambaya shi ne, a wace makaranta yaron ya yi wannan karatu?

Kasuwancin garin nan bisa wuyan barori ya tashi. Tun zamanin cinikin gyaɗa, kafin a kafa kamfanin SONARA a 1962 da bayan kafa shi, babban ɗan kasuwa ba ya zama a bakin sikeli. Bara yake ba kuɗi ya tura shi ƙauyukan Katsina da Gobir ya sayo, babu takarda, babu shaida. Da fari da cuta suka karya noman gyaɗa tsakanin 1973 da 1975, Alhazai suka ƙara ƙarfi wajen fatauci da Nijeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, nan ma bara ne a kan kaya. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi kan Alhazan Maraɗi a 1986, kuma ya lura cewa ana auna girman attajiri da arzikin mutane, wato yawan waɗanda ke ƙarƙashinsa da yadda suka riƙe shi. Iyayenmu sun riga shi sani.

To, mu dubi abin da ke faruwa a bakin awo. Idan ubangida ya ce wa baransa ya danne tiya in zai saya, ya sassauta in zai sayar, yana ganin manomi kaɗai aka cuta. Alhali darasi biyu ya koyar a lokaci guda: cewa haƙƙin wani abin ci ne muddin ba a gani ba, kuma cewa shi kansa maigida bai ɗauki wannan laifi ba. Ran da yaron ya keɓe da dukiyar maigidan, da me zai hana kansa? Hannun da aka koya wa tauye awo ba ya tambayar mai kaya. Suratul Muɗaffifina ta yi alkawarin azaba ga masu cika mudu in za su karɓa su tauye in za su bayar, kuma muna ganin mai cika wa kansa aikin ma'aikaci ya tauye masa lada yana kusa ƙwarai da wannan siffa.

Haka abin yake wajen kyawun aiki. Tela ko kafinta da ake biya kan lokaci, wanda in ya kyautata aka gani, in ya kuskure aka gyara masa ba a gaban jama'a ba, yakan ji kunyar fitar da aiki maras kyau. Wanda kuwa sai ya yi sawu uku kafin a ba shi haƙƙinsa, kuma ba ya jin muryar maigida sai wajen zagi, aikinsa na ganin ido ne. Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima shekara 10, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa ko tsaki ba. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya gama morarsa, ya hana shi ladansa.

Ko inda babu ubangida ɗaya, hukuncin bai sake ba. A gonakin noman rani na Jiratawa, waɗanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, ruwa na fitowa daga rijiyoyin burtsatse ya bi magudanai, kowa da ranarsa, kowa da kuɗin ruwan da zai biya. A irin wannan tsari, duk ranar da shugabannin ƙungiya suka sha ruwa ba bisa layi ba, ba za su iya tara mutane yashe magudana ba.

Wani zai ce, ai akwai mai kirkin da barorinsa suka cinye shi. Gaskiya ne, kuma sau da yawa sakaci ne aka yi wa laƙabi da kirki. Ubangidan da ba ya duba lissafi, ko ya fifita ɗan ɗakinsa malalaci a kan bare mai ƙwazo, ya kashe zuciyar mai gaskiya. Siffa biyu 'yar dattijon Madyana ta ambata game da Annabi Musa (A.S.) a Suratul Ƙasas, ƙarfi da amana, kuma neman su wajen ɗaukar ma'aikaci nauyin mai ɗauka ne. Sannan kada ma'aikaci ya karanta wannan ya ɗauka mun ba shi fatawa. Zaluncin maigida ba ya halatta rage siminti, domin wanda ɗaki zai faɗa wa ba maigidan ba ne. Kowane da littafinsa, sai dai na wanda ya koyar ya fi nauyi.

Akwai wurin da manomin Tibirin Gobir ya fi attajirin birni tsari. In ya ɗauki 'yan ƙodago, ana yanke lada kafin a sa hauya a ƙasa, a biya kafin magariba. Bara kuwa yakan shekara goma a shago bisa fatan wata rana za a sallame shi da jari, ba a faɗi yaushe ba, ba a faɗi nawa ba. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san lada a san aiki ko wa'adinsa kafin ijara ta inganta. Muna roƙon duk mai yara a ƙarƙashinsa ya zaunar da su cikin makon nan, gaban shaidu biyu, ya faɗa musu abin da zai ba su da lokacin da zai ba su, a kuma rubuta.