Tawakkali da Karyayyar Garma

A farkon damina, sa'ad da hadari kan taso daga gabas da jar ƙura a gabansa, iska takan yi ɓarnar da gari zai yi mako yana gyaranta: ta yaye jinkar rumbu, ta kwantar da darni, ta karyo reshen gawo ya faɗa kan amalanke, har garmar shanu da aka jingine a zaure ba ta tsira in katanga ta rufta mata. Da gari ya waye maƙwabta kan zo jaje, su ce Allah ya mayar da alheri, mai gida ya amsa cewa haka Allah ya ƙaddara. Maganarsa gaskiya ce, domin imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, yana cikin rukunan imani shida. Wanda ke ba ni tausayi shi ne mutumin da kan faɗe ta ya koma inuwa ya zauna, ruwan shuka na wucewa, yana zaton zamansa ibada ne.

Malamai sun daɗe da warware wannan mas'ala. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, Ƙadariyya suka ce shi ke halittar aikinsa, Ahlus Sunna kuwa suka tsaya a kan cewa halitta ta Allah ce, kasabi na bawa, kuma a kan kasabin za a yi masa hisabi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a babin tawakkali na littafinsa Ihya cewa wanda ke jiran tsiro bai shuka ba ya jahilci sunnar Allah a cikin halittarsa. Sayyidina Umar ma, da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa juyawar ita ma ƙaddarar ce.

Akwai wani abu kuma da manoma suka sani, ba su cika son faɗa ba. Iska ba ta karya kome daidai wa daida. Ɗauki ƙotar da ta karye ka duba cikinta, sau da yawa za ka tarar gara ta riga ta rarake ta tun da rani. Jinkar da ta tashi, igiyarta ta ruɓe tun bara, mai ita yana gani yana cewa sai an jima. Bai kamata mumini ya haɗa sakacinsa da hukuncin Ubangiji ya yi musu suna ɗaya ba, gama na farko tuba yake bukata, na biyu haƙuri.

Don haka nake girmama wanda ke saɓa karyayyen ƙarfensa da sassafe ya nufi maƙera, ya tsugunna cikin layi, yaro na jan zuga-zugi, gawayi na tartsatsi, har maƙeri ya ɗora bakin garmar kan uwar maƙera ya miƙe shi da masaba. Annabi Dawuda, wanda aka tausasa wa ƙarfe, da hannunsa ya ƙera sulke, daga nan yake ci. In kuɗin gyara bai isa ba, manomi ya ari shanun ɗan'uwansa ko ya kira gayya, domin gero ba ya jiran wanda ya makara da huɗa.