Ubangidan Da Ba Shi Da Kunne: Hukuncin Ijara Ta Hanyar Manhaja

Batun wannan mako shi ne wani sabon ubangida da ya ɓullo wa masu neman halal.

A Ruwan Gizo ta ƙasar Talata Mafara, da Bakura da Maradun, inda ake noman rani da ruwan madatsar Bakolori wadda aka gama a 1978, ɗan ƙwadago ya san mai gona ido da ido. Sukan yi jinga kafin a kama fartanya. In rana ta take aka ga ya galabaita, sai a ce ya koma inuwa ya sha fura, in an kira Azahar kuwa kowa ya nufi alwala. To amma saurayin da ya tafi ci-rani birni ya kama tuƙi a ƙarƙashin manhajar waya, irin su Uber wadda ta shigo Ikko a 2014, da Bolt da ta biyo baya, wani sha'ani dabam yake tararwa. Lissafin kwamfuta ne ke ba shi fasinja, shi ke yanka kuɗi ya cire kamasho, shi ke ƙirga taurarin da fasinjoji suka ba shi. In taurari suka yi ƙasa ana iya rufe masa aiki, ba kuwa wani mahaluki ya ce da shi uffan.

Wanda ke cikin wannan hali ba ya samun natsuwa. Yana tsoron ƙin karɓar kira domin kada a rage masa daraja, watau ga salla ta yi ga waya na kuka, barci kuma rabi da rabi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa a 2016 mutum wajen 745,000 suka rasu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki saboda aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Jiki amana ne, ba kuwa a ba mutum shi don ya ƙarar wa na'ura ba.

Malaman Malikiyya sun shar'anta cewa ijara ba ta inganta sai an san lada an kuma san aiki ko ajalinsa. Haka ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Ladan da ke hawa da sauka bisa ƙa'idar da ma'aikaci bai sani ba yana da ƙanshin garari. A hadisin Abu Zarri da Buhari ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora to a kama musu. Bayi ma ke nan aka yi wa wannan gata, balle ɗa.

Abin da ya fi muni shi ne hukunci ba tare da sauraro ba. A Suratun Namli, da Annabi Sulaimanu ya nemi alhudahuda ya rasa, ya yi alkawarin azaba amma ya bar ƙofar uzuri, da tsuntsun ya zo kuma ya ji ta bakinsa, sa'an nan ya bincika. Tsuntsu fa! Kada mai kamfani ya fake da cewa na'ura ce ta kori mutum. Na'ura ba mukallafa ba ce, ba za a tashe ta ranar hisabi ba. Wanda ya tsara ta da wanda ya ci ribarta su za a tambaya. Ko Turawa sun fara farga: a 2021 Kotun Ƙoli ta Ingila ta yanke cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙi, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta kafa dokar cewa ɗan Adam ne kaɗai zai yanke shawarar sallamar irin waɗannan ma'aikata.

Fasinja ma yana da nasa kaso. Tauraron da ya danna shaida ce ya bayar a kan abincin wani. Wanda ya ba direba tauraro ɗaya don cunkoson da ba laifinsa ba, ko don ya tsaya salla, ya kusanci shaidar zur, ko da yatsa kaɗai ya motsa.