Alhakin Mai Ba da Labarin Sarakuna

Fim ɗin katun na Anastasia, wanda kamfanin Fox ya fitar a 1997, ya ɗora faɗuwar gidan sarautar Rasha a kan tsafin wani mai suna Rasputin. Tarihi bai ce haka ba. A Janairun 1905 ma'aikatan masana'antu suka nufi fadar Sarki Nikolas na Biyu da takardar koke, sojoji suka buɗe musu wuta. Fim ɗin ya share su, ya bar mana gimbiya Anastasia tana rawa. A ganina wannan ɓoye shaida ne, abin da Musulunci ya kira zunubi, domin wanda ya binne dalilin fushin talaka ya mayar da shi mahaukaci.

Za a ce tatsuniyar yara ce, kuma kisan iyalan sarkin a 1918 abin tausayi ne. Haka ne, jininsu jini ne. Amma daga tatsuniya yaro ke koyon wanda ya cancanci hawaye. A Kano muna jero sarakuna tun daga Bagauda, alhali masaƙun Bompai da Sharada da dama sun rufe, ma'aikatansu sun watse, leburan majemar Challawa na wanke fata cikin ruwan sinadari, kuma da wuya mawaƙi ko ɗan fim ya waiwaye su.